DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: DABARUN MASU HOTO NA DA GA MAI KOYON ƊAUKAR HOTO

Wannan jawabi ne da aka gabatar a zaman ƙungiya. Mun buga shi domin 'yan uwa da ba su samu halarta ba.



An ɗora mana nauyin mu yi magana a kan ɗaukar hoto. Wani zai ce, to mene ne abin koyo a nan, tun da yau kowa da wayarsa a aljihu, yaro ma danna wa yake yi hoto ya fito? Gaskiya ne. Amma mu tambayi kanmu, jama'a: ranar da dattijo ya faku a unguwar nan, iyalinsa suka tashi neman hotonsa don jikoki su san fuskarsa, me ake samu? Sau da yawa sai ɗan hoton fasfo na tafiya Makka, ko wani hoton biki da aka ɗauka da tsakar rana, hula ta rufe idanu, fuska ta yi baƙi ƙirin. Sabon Ibadan tun wajen 1916 aka kafa ta, yau fiye da shekara 100 ke nan. Fuskar mutum nawa muke da ita cikin waɗanda suka fara sauke huhun goro da garken shanu a wurin? Haka abin yake a Agege da Shagamu da sauran zangonnin Kurmi. Mu da muke zaune nesa da gida, hoto wasiƙa ne. Da shi kaka a Kano ko Katsina take ganin jikan da aka haifa mata a nan, da shi kuma jikan zai san daga inda ya fito.

Masu hoto na da fim suke saye da kuɗinsu, mai 24 ko mai 36. Ba sa ganin abin da suka ɗauka sai an wanke, wani lokaci bayan mako guda, biki ya watse, baƙi sun koma gida. Saboda haka dole ta sa suka iya kallon haske da tsayuwar mutum kafin su danna. Kyamara ta canja, amma rana ba ta canja ba, fuskar ɗan Adam ma haka. Dabarunsu muka zo da su.

KAƊAN DAGA TARIHI

Asalin kyamara ɗaki ne mai duhu da 'yar ƙaramar huda. Hasken waje in ya ratso ta hudar, sai surar abin da ke waje ta bayyana a bango, kai a ƙasa. Masanin nan Ibn al-Haytham, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin wannan. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya hanyar Daguerre ta kama surar a kan farantin ƙarfe, a ƙasar Faransa. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, a 1900 kuma ya fito da Brownie da ake sayarwa dala 1. Daga nan talaka ya sami shiga harkar.

A ƙasar nan ma muna da magabata. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki shahararren hoton Oba Ovonramwen na Bini a cikin jirgin ruwa a 1897, lokacin da Turawa za su kai shi Kalaba. J.D. 'Okhai Ojeikere da Brownie ya fara a 1950, ya yi aiki a Ma'aikatar Watsa Labarai ta Ibadan, daga 1968 kuma ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya har ya tara wajen hoto 1,000 kafin rasuwarsa a 2014. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keita ya buɗe wurin hotonsa a 1948. Yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, labulensa na farko kuwa zanen shimfiɗar gadonsa ne. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Kun ga ashe ba tsadar kaya ba ce ke yin hoto.

HASKE SHI NE UBAN TAFIYA

Abu na farko, lokaci. Mafi munin lokacin ɗaukar fuska shi ne tsakar rana, daga wajen ƙarfe 11 zuwa 3. Rana tana tsakar ka, inuwar gira ta cika kwarmin ido, inuwar hanci ta sauko kan leɓe, in akwai rawani ko malfa kuwa an gama. Lokacin kirki shi ne hantsi, da kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi. A lokacin haske yana zuwa ta gefe, yana da taushi, yana fito da surar fuska yadda Allah ya yi ta.

Tsofaffin littattafan koyon hoto sukan ce mai ɗauka ya ba rana baya. Dalilinsu shi ne fim ɗin wancan zamani yana da yunwar haske. Illar wannan shawara ita ce wanda ake ɗauka shi zai fuskanci rana, ya yi ta runtse ido kamar an watsa masa barkono. Gyaran da ƙwararru suka yi mata shi ne, a bar rana ta zo ta kan kafaɗa ɗaya, a karkace, ta haska kashi biyu cikin uku na fuska, sauran ya zauna cikin 'yar inuwa. Wannan 'yar inuwa ita ke ba fuska cika.

In kuwa dole sai da rana tsaka za a ɗauka, kamar ranar suna ko saukar karatu, to a nemi inuwa mai faɗi: bakin zaure, gefen rumfa, ko inuwar doguwar katanga. A tsayar da mutum daga bakin inuwar yana kallon fili, kada a cusa shi can ciki. A guji gindin bishiya mai yayyafin rana, domin fuska za ta fito dabbare-dabbare. Mu a nan Kudu Allah ya ba mu wata garaɓasa: ranakun damina da gajimare ke rufe sama. Mutane sukan ce yau ba ranar hoto ba ce, alhali kuwa babu ranar da ta fi ta, domin gajimaren ya tace hasken, babu inuwa mai kaifi ko ɗaya.

A cikin ɗaki, taga ita ce fitilarka. Zaunar da mutum kusa da ita, haske ya zo masa ta gefe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsayar da shi ya ba taga ko ƙofa baya. Nan kyamara za ta ga hasken waje ta tsuke idonta, mutum ya fito kamar inuwa.

FARAR RIGA DA BAƘAR FATA

Wannan matsala tamu ce, a saurara da kyau. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara ba shi da wayo. Duk abin da ya gani ƙoƙari yake ya mai da shi tsaka-tsaki, ba fari ba, ba baƙi ba. To ga Alhaji ya sha farar shadda tun daga wuya har ƙasa. Ma'auni ya ga fari ya cika wuri, sai ya rage haske. Riga ta fito toka-toka, fuska kuwa ta ɓace. Ƙari a kan haka, shekaru da yawa katin da kamfanin Kodak yake ba masu wanke hoto mai launi don daidaita injinansu hoton Baturiya ne a jiki. Sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban.

Maganin abin guda uku ne. Na ɗaya, a auna haske a kan fuska. Mai kyamarar fim ya matsa kusa har fuska ta cika ido, ya daidaita, sannan ya koma baya ya ɗauka. Mai waya ya taɓa fuskar a kan gilashi, in ta yi duhu ya ƙara haske kaɗan. Na biyu, a sa yaro ya riƙe farin ƙyalle ko farin kwali a ɓangaren da ke da inuwa, daga wajen hoton, don ya mayar da haske kan fuska. Farar katanga ma tana yin wannan aiki kyauta. Na uku, a goge gumi da maiƙo da hankici kafin a ɗauka, don goshi da hanci kada su yi ta ƙyalli.

FITILAR WALƘIYA

Fitilar da ke jikin ƙaramar kyamara ba ta wuce taku huɗu ko biyar, wato mita 3 zuwa 4. Kuma haske saurin mutuwa gare shi: in ka ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai zai isa. Shi ya sa a hoton walima na dare za ku ga na gaba sun yi fari fat, na baya kuwa sai haƙora. A jera mutane a nisa ɗaya da kyamara. A janye su daga bango taku biyu, don baƙar inuwa kada ta manne a bayan kai. Kada a fuskanci madubi ko gilashin taga. Mai tabarau ya ɗan karkata kai. Jan idon nan da ke fitowa kuwa, hasken ne ya shiga ido ya dawo. In aka kunna fitilun ɗaki, ko mutum ya ɗan kauda kallo daga kyamara, yana raguwa. Masu fim su sani kuma, doguwar fitilar lantarki kore-kore take sa hoto, ƙwan fitila na da kuma rawaya.

GA MASU KYAMARAR FIM

Mun san akwai waɗanda suka gaji Yashica ko Canon ko Olympus daga iyayensu, kuma wasu samari sun fara sha'awarsu. Har yanzu ana yin fim, sai dai ya yi tsada, wuraren wankewa kuma sun yi ƙaranci. Ga lissafin da tsofaffi suka haddace tun ba a sa wa kyamara ma'auni ba. In rana ta take, sa ƙofar haske a kan 16, saurin ƙiftawa kuma a kan lambar da ta fi kusa da ta fim ɗinka. Wato fim mai lamba 100, saurin 125. In akwai ɗan gajimare, buɗe zuwa 11. Gajimare sosai, 8. Hadari ya haɗu, 5.6. A inuwa, 4. Ku lura, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Fim mai 100 na rana ne, mai 400 na inuwa da cikin ɗaki.

Kada saurin ƙiftawa ya sauka ƙasa da 60 in a hannu aka riƙe kyamara. Manne gwiwar hannu a haƙarƙari, riƙe numfashi, ka matsa maɓalli a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Wannan har mai waya ya shafa. Ƙananan kyamarorin da ba a juya masu ido ba sa gani da kyau in an matso ƙasa da taku biyu. Kuma tagar leƙensu dabam take da idon da ke ɗauka, shi ya sa suke sare wa mutane hula. A bar ɗan fili a saman kai.

TSAYUWA DA ZAMA

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mutum in ya ga kyamara sai ya sandare kamar soja a fareti, kafaɗu a ɗage, hannu a manne da cinya. Aikinka ne ka kwance shi. Gaishe shi, tambaye shi kasuwa, tambaye shi mutanen gida, ka bari ya saki jiki. Dattijon da bai son murmushi kada a matsa masa. Kamala ma kyau ce.

Kada mutum ya fuskanci kyamara da ƙirji gaba ɗaya kamar hoton katin shaida. Ya ɗan juya kafaɗa gefe, fuska ta dawo wajenka. Ya miƙe baya, ya ɗan turo haɓa gaba ya saukar da ita kaɗan. In zama ne, ya zauna a bakin kujera, domin in ya nutse ciki riga za ta tattare a wuya.

Hannu shi ne abin da ya fi damun mutane, ba su san inda za su kai shi ba. A ba shi aiki. Seydou Keita yakan ajiye rediyo da agogo da alƙalami da tabarau, har da babur, don masu zuwa ɗaukar hoto su riƙe ko su jingina. Mu ba ma sai mun ara ba: carbi, sanda, mafici, littafi, ko jika a kan cinya.

Babbar riga tana son gyara. A naɗe hannayenta a kan kafaɗa daidai wa daida, a baje gaba don aikin aska ya fito, a duba zaman hula. Ga iyayenmu mata, a duba ɗaurin kallabi da yafen gyale, in an sha lalle a ɗora hannu a inda za a gan shi. Kuma a nan muna jan kunnen samari: ba a ɗaukar matar mutum ko 'yar mutum sai da izini, ba a kuma yaɗa hoton kowa sai ya yarda. Cikin gida a bar wa 'yan mata masu sha'awar abin, su ma su koya.

Kyamara ta tsaya daidai idon wanda ake ɗauka. In dattijo na zaune, ka durƙusa, ladabi ne kuma dabara ce. In yaro ne, ka sauko daidai tsayinsa, in ba haka ba sai ya fito ƙaton kai da 'yan ƙafafu. Mai waya kada ya kai ta dab da fuska, domin hanci zai kumbura, kunne ya gudu baya. Ja da baya kamar taku uku. In za a yanke hoto, kada a yanke a gaɓa, wato wuya, gwiwa ko idon sawu.

Kafin ka danna, zagaya da idonka kusurwa huɗu. Ga falwayar lantarki ta tsiro a kan Malam, ga shanya, ga bokiti, ga tarin takalma a bakin tabarma. Taku ɗaya zuwa dama ko hagu yakan kawar da su. In wuri ya ƙi, a rataya zane ko tabarma mai kyau a baya, yadda na da suke yi.

HOTON TARO DA HOTON SANA'A

A hoton iyali ko na ƙungiya, manya su zauna a tsakiya, matasa su tsaya a baya, yara a tabarma a gaba. A matso da juna, kada a bar giɓi. Faɗa masu cewa duk wanda ba ya ganin idon kyamara da idanunsa biyu, to kyamara ma ba ta ganinsa. Mutum ɗaya ne zai ɗauka a lokaci guda, domin in wayoyi biyar suka ɗagu, kowa da inda zai kalla. A ɗauka sau uku, don ba a rasa mai ƙiftawa.

Sannan kada hotonmu ya tsaya a Sallah da biki kawai. A ɗauki mai goro yana zaɓe a gaban huhunsa, mahauci a bakin tukuba, tela a kan kekensa, mai ɗinkin hula da allurarsa, makarantar allo da safe. Abin da muke gani kullum muna raina shi, shi jikokinmu za su fi nema. Ojeikere kitso ya ɗauka, abin da kowa ke wucewa a titi, ga shi ya zama tarihi.

AJIYA

A Arewa ƙura ce abokiyar gaba, a nan kuwa laima. Ita ke sa hotuna su manne da juna, ta sa fumfuna a kan dodon hoto da idon kyamara. Kada a ajiye hoto a ƙarƙashin katifa, ko a gindin akwati a kan siminti, ko a jikin bangon da ke tsattsafo. A sa a albam ko ambulan, a ɗora a sama inda iska ke ratsawa. Hoto mai launi yana koɗewa in rana na dukansa, baƙi da fari ya fi shi ƙarko. Tsohon hoto kada a kai shi a liƙe da roba a injin zafi, domin in an liƙe ba ya ɓaruwa, in ya lalace a ciki shi ke nan. Dodon hoto kuma kada a zubar, a riƙe shi ta gefe, daga gare shi ake sake wanko sabo.

A bayan kowane hoto a rubuta da fensir, ba da biro ba: sunan mutum, sunan mahaifinsa, garinsu na asali, wuri da shekara. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Hoton da ba suna, bayan shekara 40 baƙo ne a gidansu. Tsofaffin hotuna a shimfiɗa su kusa da taga, a kashe walƙiya, a sake ɗaukarsu da waya a tura wa dangi. Na cikin waya kuma a zaɓi masu kyau a wanke a takarda, don waya tana faɗuwa, ana sace ta, tana mutuwa da duk abin da ke cikinta.

Daga ƙarshe, ga roƙonmu. Kowane gida a samu yaro ɗaya ko yarinya ɗaya da za a ɗora wa wannan aiki. Kafin zamanmu na gaba, a zaunar da kowane tsoho da tsohuwa na gidan a bakin zaure da hantsi, a gyara masu riga, a ɗauke su a natse, a wanke, a rubuta suna. Wanda kuma yake da tsohon hoton unguwar nan ko na magabatanmu, ya taimaka ya kawo wa sakatare a kwafa a mayar masa da abinsa. Yau suna tare da mu, gobe sai Allah.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.